Sannunku da Ƙoƙari, Masu Raya Wuraren Tarihi

Duk wanda ya ce ba a aiki a fannin yawon buɗe ido a ƙasar nan ta Nijar, bai yi wa mutane adalci ba. Ana aiki har da gumi, ko da yake a ɗaki mai sanyi ake yin gumin. Tun 2017, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin yawon buɗe ido mai ɗorewa, ƙwararrunmu ba su runtsa ba. Ranar 27 ga Satumba ta kowace shekara sai ka ga an ɗinko riguna iri ɗaya, an buga huluna, an kira makaɗa, an karanta jawabi. Jawabin bana da na bara uwa ɗaya uba ɗaya suke, shekarar kawai ake gyarawa. Mai hassada zai kira wannan lalaci. Ni kuwa tattali na gani, don abin da bai tsufa ba me zai sa a sake shi?

Mu mutanen wannan yanki, daga Bawdeta zuwa Tasawa har a gangara Gulbin Kaba wajen Mayahi, mu ya fi cancanta mu yi godiya. Da can a cikin duhu muke. Mutum ya tashi ya tarar da kukar da kakansa ya ce a gindinta aka sari gari, ga tsohuwar rijiya, ga kufai, ga kushewar wani bawan Allah, kullum yana wuce su a hanyar gona, bai san albarkatu ba ne. Sai da aka taso daga Yamai cikin farar katkat aka sanar da shi. Yanzu ya sani. Gero bai ƙaru a rumbunsa ba, rijiyar ma ba a yashe ta ba, amma ai ilimi ya fi dukiya. Shi ya sa waɗanda suka kawo ilimin suka bar mana shi, suka koma da dukiyar don kada ta shagaltar da mu.

Wanda bai taɓa halartar taron ƙara wa juna sani a kan wannan batu ba ya yi asara. A otal ake yin sa, a Maraɗi, domin wurin tarihin da ake magana a kai babu wuta, babu inuwar kirki, ga ƙura tana ɓata takalmi. Ƙarfe tara aka sa, sha ɗaya babban baƙo zai iso. An ajiye wa kowa gorar ruwa da biro da ɗan littafi mai tambarin masu ba da kuɗi. Ƙwararre ya miƙe ya haska hotuna a bango, ga Marakesh, ga Zanzibar, ga dalar Masar. Can a layin baya an zaunar da masu gari biyu da wani tsoho da aka ce shi ya san tarihin ƙasa, tun asuba aka ɗauko su. Da Faransanci ake bayani, saboda haka ba a ɗora musu wahalar fahimta ba. Aikinsu rawani ne, don hoto ba ya kyau in babu rawani. Wajen azahar sai a ce, "Baba, ko akwai abin da za ka ƙara?" Tsoho ya gyara murya, ya yi salati, ya fara da sunan maharbin da ya sari garin. Bai kai ga sarki na biyu ba za a ce, "Madalla, Baba, mun gode, abinci zai huce." Daga nan sai layin sa hannu, kuma a nan ne za ka ga tsari: babu turereniya, babu mai makara, kowa ya san ambulan ɗinsa. Tsoho ya dangwala yatsa a ba shi kuɗin mota. A rahoto za a rubuta cewa al'umma ta shiga cikin shirin tun daga tushe. Gaskiya ne kuwa, ta shiga, har lemo an ba ta.

Abin da taro ke haifarwa shi ne allo. Na ƙarfe, a bakin hanya, tamburan masu tallafi sun cinye rabinsa, ga kibiya tana nuna daji. Damina biyu sai tsatsa ta karɓi aiki, awaki su sami inuwa. Tun watan Maris na 2025 doka ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, amma ban ga dalilin gaggawar sake rubuta allunan ba, tunda ba don mu aka kafa su ba.

Duk wannan share fage ne. Babban abin alfaharin gundumar Tasawa, wanda Turawa masu bin sawun tarihi suka san da zamansa, yana Maijirgi, a kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram. Kaburbura ne guda biyu. Ba na malamai ba ne, ba kuma na sarakuna ba. Na Kyaftin Paul Voulet ne da abokinsa Kyaftin Julien Chanoine, manyan baƙin da suka kawo mana ziyara a 1899.

Ya kamata a tuna irin ziyarar. Faransa ce ta aiko su su kai tutarta Tafkin Chadi. Suka baro bakin Kwara a farkon shekarar da sojoji da 'yan dako da tarin mata da yaran da suke kamawa a hanya, taron da babu rijiyar ƙauyen da za ta shayar da shi. Garin da ya yi jinkirin kawo hatsi ko masu ɗaukar kaya, sai wuta. A watan Afrilu suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. A watan Mayu suka afka wa Birnin Ƙonni, kisan da aka yi a can har yau ba a gama ba da labarinsa ba. Suka keto ƙasar Gobir, suka shigo ƙasar Tasawa damina ta faɗi, Koran Kalgo na cikin garuruwan da suka sha wuta. Labarin ta'asar ya kai birnin Paris, har gwamnatin da ta aiko su ta ji nauyi, ta turo Laftanar-Kanar Klobb ya karɓe ragama. Klobb bai sha wahalar neman hanya ba. Toka ya bi, da gawarwakin da ke rataye a itatuwa, da rijiyoyin da suka daina shayuwa. Ya cim musu a Ɗankori ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, Voulet ya sa aka harbe shi. Bayan kwana biyu sojojinsu suka juya musu baya suka kashe Chanoine, washegari 17 ga wata suka bi da Voulet. Sauran rundunar ta ci gaba da tafiya, kafin watan ya ƙare ta ci Damagaram. Binciken da aka buɗe a Faransa aka rufe shi a 1902, magana ta tsaya a kan cewa zafin ƙasarmu ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Ashe laifin rana ne. Mu da muka yi shekaru aru-aru muna noma a ƙarƙashinta ba mu rataye 'ya'yan kowa ba, sai mu gode wa Allah da Ya ba mu ƙoƙon kai mai kauri.

To a nan ne hikimar masu tsara mana wuraren tarihi take fitowa fili. Mutum biyu da suka hallaka dubbai suna da kabari, da suna, da ranar mutuwa, da gurbi a taswira. Dubban kuwa an sauƙaƙa musu. Je ka nemi jerin sunayensu ka ga inda za a nuna maka. Wasu za su ce wannan rashin kunya ne, amma ba su san sirrin sana'ar ba. Baƙo ya biya kuɗin jirgi don ya huta, ba don a tsayar da shi a bakin rijiya a gaya masa abin da kakansa ya jefa a ciki ba. Ban da haka, akwai lissafi. Kabari biyu tsintsiya ɗaya ta ishe su. Wa zai iya da sharar dubbai, a garuruwan da suka miƙe tun daga Kwara har nan?

Har ana ba da labarin cewa a 1923 wani matashin kwamanda mai suna Robert Delavignette, lokacin yana riƙe da Tasawa, ya sa aka tone kaburburan, aka tarar babu kowa a ciki. In haka ne, to mun kai maƙura. Ga kabari babu gawa, ga wurin yawon buɗe ido babu mai yawon. Wace ƙasa ce ta kai mu iya kiyaye muhalli? A Masar sawun mutane da numfashinsu suna lalata kaburburan fir'aunoni har sai an riƙa rufe wasu su huta. A Italiya birnin Venis ya kai ga sa wa baƙin yini kuɗin shiga don cunkoso. Mu mun riga su gano maganin.

Sai kuma karamci, wanda a nan babu mai ja da mu. Tarihinmu ma baƙi muke bar wa su ci gabansa. Abdoulaye Mamani, ɗan ƙasa, ya rubuta littafin Sarauniya a 1980. Da Med Hondo ya tashi mai da shi fim, a Burkina Faso aka ɗauka, ya fito a 1986, ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987. Lugu tana nan inda take, ba a dame ta da hayaniyar 'yan fim ba. A 2020 aka fitar da wani fim mai suna African Apocalypse, wanda masu shirya shi suka taso daga Ingila suka bi hanyar Voulet gari-gari, suna zama da tsofaffi suna sauraron abin da kakanninsu suka gaya musu. Tsofaffin nan ba ɓoye suke ba. Suna nan a ƙofar gidajensu shekara da shekaru, a kan tabarma, kowa na wuce su. Kunya ce ta hana ƙwararrunmu riga baƙo tambaya. A watan Oktoba na 2024 an sauya sunayen wasu tituna a Yamai, titin De Gaulle ya koma Djibo Bakary, aka cire hoton wani Bafaranshe mai suna Monteil aka sa na Thomas Sankara. Aiki ne mai kyau, kuma aikin allo ne, fannin da muka fi ƙwarewa. Sai dai daga Yamai zuwa Maijirgi ya haura kilomita 700, fenti kan ƙare a hanya.

Haƙurin masu wannan aiki shi ya fi komai burge ni. Baƙon da suke jira fari ne, mai gajeren wando da kyamara a wuya, kuma ba su yarda da madadinsa ba. Irinsa ya taɓa zuwa. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya sauka a Tasawa kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, ya zaga gari, ya shiga kasuwa, ya rubuta abin da ya gani cikin sha'awa. Abin tausayi, babu ofishin da ya tarbe shi, babu kibiyar da ta nuna masa hanya. Gari kawai ya tarar mai rai, mai kasuwa da fatake, ya yi haƙuri da hakan. A zamaninmu kuma Agadas ta ga irin waɗannan baƙi jirgi-jirgi, lokacin da tseren motocin Paris zuwa Dakar ke ratsa Tenere. Sai tawaye ya sake tashi a arewa a 2007, tseren ya ƙaura Kudancin Amurka a 2009, aka sace ma'aikata a Arlit a 2010. Ko da UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013, da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27, masu kallon sun riga sun watse. Ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe mutum takwas a Kure, dajin raƙuman dawa, shida Faransawa, biyu 'yan ƙasa, Faransa ta shafa wa kusan duk taswirarmu jan launi ta ce kada ɗanta ya taka. Abin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 tsakaninmu da ita kowa ya sani. Wani mai ƙaramar zuciya da tuni ya sake lissafi. Namu ko gezau. Kamar mai tallan da ta kasa furarta a hanyar da aka daina bi, kullum suna gyara faifai suna korar ƙuda. A 2018 an ɗauko raƙuman dawa takwas daga Kure aka kawo Gadabeji a jihar Maraɗi, kuma cikin duk baƙin da aka yi wa jihar alkawari, su dai sun iso.

Kada a ce babu masu zuwa. Akwai, har sun yi yawa, sai dai ba su cika sharaɗi ba. Kullum motoci na shigowa daga Katsina da Jibiya da Daura da Kano cike da masu zuwa biki da suna da ta'aziyya da ziyarar malamai. Cikinsu akwai Bakatsinen da ya ji cewa gidan sarautar garinsu na dā a Maraɗi ya zauna bayan jihadi, yana so ya ga fadar da idonsa. Akwai wanda kakarsa 'yar Tasawa ce, ya zo neman dangi, zai koma da kilishi. Ga kokowar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975 take zagaya jihohi: duk garin da ta sauka sai masauki ya yi wuya, mai tuwo ta sayar, ɗan kabu-kabu ya samu, mai shayi ya kwana yana kirga canji. Ƙwararru sun yi daidai da ba su sa waɗannan a lissafi ba. Mutumin da zai kwana a zauren ɗan'uwansa, ya ci tuwo da hannu, ya yi sallah a masallacin da ake so a nuna masa a matsayin kayan kallo, ta ina zai shiga fom? Haka ɗan makarantar Bawdeta. Zai iya gama karatunsa yana haddace kogunan Turai bai taɓa taka Ɗankori ba, alhali a gundumarsu take. Kai shi can ba ya buƙatar komai sai mota ɗaya da malami ɗaya da tsoho ɗaya, kuma wannan shi ne aibin abin. Shirin da bai kai a nemo masa tallafi daga waje ba, raini ne a kawo shi gaban manya.

A fannin gine-gine ma an ci gaba. Da, in bazara ta yi nisa, magini kan zagaya gini yana ƙwanƙwasa bango da hannu, yana jin inda ya yi kwari. Ya hau soro ya duba azara ko gara ta shiga, ya share bakin indararo, ya toshe tsaga tun tana ƙarama. A kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta ruɓa kwanaki, a kira gayya a yi yaɓe, mai hali ya bi da makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa don ruwa ya zame. Kowace shekara sai an sake. Ka ji ƙauyanci. Aikin da babu kwangila, babu kaso, babu zaren da gwamna zai yanka, kuma kuɗinsa a hannun magini da masu ɗebo ruwa yake ƙarewa. Yanzu an waye. In an tashi gyaran ginin ƙasa sai a lulluɓe shi da siminti a shafa fenti. Siminti ba ya barin bango ya yi numfashi, damshin da ya shiga ta ƙasa ko ta tsaga ba ya samun mafita, sai ya zauna yana cin tubali daga ciki, waje kuwa sumul. Ranar da zai zube, gaba ɗaya zai zube, ya huta, a huta. Kafin nan an ɗauki hoto.

Inda ba a kai ga siminti ba, akan yi amfani da dabarar jira. Tsohon birnin Damagaram yana jerin jiran UNESCO tun 2006. A farkon Satumba na 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacinsa na ƙasa, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, mutane na ɗauka a waya. A Zariya, ran 11 ga Agusta 2023, wani sashe na masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarun 1830 ya rufta kan masallata ana sallar la'asar, aka rasa rayuka. Ganuwar Kano tana nata layin tun 2007, kuma Kanawa da ba su san zaman banza ba sun yi amfani da lokacin jiran, an yanka filaye, an ɗebi ƙasa, an jera shaguna. Bayan kowace rugujewa akan kai ziyarar jaje, a kafa kwamiti. Sake gini kuwa ya fi yaɓe albarka nesa ba kusa ba, don shi yana da sifili da yawa a bayansa. Wanda ya bar bango ya faɗi bai yi sakaci ba, jari ya zuba.

Saura matsala ɗaya, ita ma ƙwararrunmu sun kusa shawo kanta. Wanda yake ɗan shekara goma lokacin da Voulet ya wuce, ya rayu har ya ga 'yancin kai a 1960, ya zaunar da jikoki ya gaya musu wace rijiya ce, wane gawo ne, wa aka kama, wa ya tsere cikin gero. Jikokin nan su ne tsofaffin da ake kaiwa layin baya a otal, yau suna tsakanin saba'in da tamanin. Su kaɗai suka rage masu iya tsayawa gaban allo su ce ba haka aka yi ba. Da wani mai garaje ne, da ya ba malaman makaranta da ɗaliban jami'ar Maraɗi waya da kuɗin mota, su bi Koran Kalgo da Ɗankori da Maijirgi da ƙauyukan da ke tsakani kafin kaka, su naɗo muryoyin nan da sunayen da ke cikinsu, a rubuta da Hausa da ajami a kafa inda abin ya faru. Allah Ya kiyaye mu da garaje. Ranku ya daɗe, shawarata ita ce a fara da nazarin yiwuwar aikin, shekara uku. A bi shi da taron tantance nazarin, sannan a nemi mai ba da kuɗi, sannan a ɗauko ƙwararre daga waje ya tsara takardar tambayoyi, a fassara ta, a gwada ta a Yamai. In an bi wannan tsari sannu a hankali, cikin shekara goma ba za a sami tsohon da zai katse wa kowa jawabi ba, kuma kuɗin motarsa sai a ƙara a kan na lemo.